Gona Tamu, Sikeli Na Wa?

   

Kun saba ji na ina maganar iri da taki da tazarar shuka. Yau wata magana dabam na kawo, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru muna koya wa juna yadda za a ƙara yawan amfanin gona, kuma an ƙara. Amma in ka shiga ƙauye cikin watan Yuli da Agusta, sai ka tarar da mutumin da ya ɗinke buhu ashirin da kaka yana awon hatsi mudu-mudu, da bashi kuwa. Ina buhunansa suka tafi? Suna nan cikin sito a kasuwa, hannu kawai suka sake.

Ra'ayina shi ne, muddin abin da muka mallaka bai wuce fartanya da ƙarfin damtse ba, to, ko mun ninka noma sau goma, wani za mu yi wa arziki. Ya kamata ƙungiyoyinmu su shiga mallakar abubuwan da ke biye da girbi, watau sikeli da sito da inji, ta hanyar da kowane ɗan ƙungiya zai sami rabonsa a rubuce da sunansa.

ABIN DA NA JI A KASUWAR KURMI

Kwanakin baya aiki ya kai ni cikin birnin Kano. Matan wata ƙungiyarmu suka ba ni sallahun ƙorai da faya-fayai, na shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Na zauna rumfar wani dattijo, zai yi shekara tamanin. Da ya ji ni malamin gona ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin dalar gyaɗa?"

Na ce, "A hoto dai, Baba, cikin littafin makaranta."

Ya ce, "To, mu muka gina ta da kawunanmu a Ƙofar Mazugal. Ina saurayi na zo cirani. Ubana ya noma a ƙauye, ni na ɗauki buhu na hau da shi har ƙololuwa. Amma ranar da jirgi ya kwashe, ko buhun wofi ba mu da shi a ciki."

Na dawo gida ina juya maganar nan. Bari in ba ku tarihin a taƙaice, gama wanda bai san inda ya yi tuntuɓe ba, zai sake faɗuwa a wurin.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara ɗaukar kaya a 1912. Turawa auduga suke so domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, in ma ba ta sayu ba ana iya cinta, auduga kuwa ba a tuwo da ita. Fataken birni da suka saba zuwa Gwanja sayen goro suka baza yaransu cikin ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna kwaɗaitar da mutane. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Babu gwamnan da ya ba da oda, babu malamin gonar da ya koyar. Saboda haka kada kowa ya ce muku manomi bai san lissafi ba.

Arziki ya shigo, amma ya zauna inda sikeli yake, watau wurin kamfanonin Turawa da manyan masu saya musu. Ku dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya zauna cikin birni. Ya tashi maraya, ya yi fataucin goro, a 1918 ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin attajiran da suka fi kowa a Afirka ta Yamma. Ban ambace shi don hassada ba, gama hassada ga mai rabo taki ce. Mutum ne mai himma da tsimi, ya kuma gane cewa riba tana wurin saye da tarawa da ajiya da kai kaya inda ake nema. Abin da ya gane shi kaɗai, mu ma za mu iya ganewa mu arba'in.

A 1949 gwamnati ta kafa hukumar sayen gyaɗa. Ita ke yanke farashi, masu lasin su saya, ita ta sayar ƙasashen waje, rarar kuɗin ta zauna hannunta. An yi ayyukan alheri da kuɗin, ban musa ba. Amma ba a taɓa miƙa wa manomi takarda an ce ga rabonka cikin wannan masana'anta da guminka ya gina ba. Sa'an nan fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Dala ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ɗungum. Bayan shekara sittin da wani abu ana noman gyaɗa, manomi ya tashi da fartanyarsa kamar yadda ya fara.

Haka kuma da gwamnati ta yi doka a 1972, ta ƙara a 1977, cewa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, waɗanda ke da kuɗi a hannu da waɗanda banki ya san fuskarsu su suka kwashi mafi yawa. A watan Janairu na 2022 ma an sake gina dala, ta shinkafa, a Abuja, daga shirin bashin noma da aka fara a Kebbi a 2015. Tambayar dattijon nan ta Kurmi tana nan daram: buhunan na wa ne?

RUMBUN FIR'AUNA

Dukanmu mun san labarin Yusufu tun muna makarantar Lahadi, yadda ya tara hatsi cikin shekaru bakwai na ƙoshi ya ceci Masar daga yunwa. Amma ba safai muke karanta ƙarshen labarin ba, a Farawa sura 47. Ku karanta shi a taronku. Manoman Masar su suka noma hatsin da aka tara, amma rumbun na Fir'auna ne. Da yunwa ta matsa, suka ba da kuɗinsu, kuɗi ya ƙare suka ba da dabbobinsu, dabbobi suka ƙare suka ba da gonakinsu da kansu. Sun tsira da rai, godiya ga Allah, amma daga nan suka koma noma ƙasar sarki suna biyan kashi ɗaya cikin biyar.

Ba haka abin yake tafiya a ƙauyukanmu ba? Ka sayar da arha da kaka domin kuɗin makaranta da hidimar Kirsimeti. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, ka ci bashin ba-da-kaka. Baɗi ka sayar da akuya. Shekara ta uku ka jinginar da fadama. Mai rumbu shi ke gadon mai gona.

Shi ya sa da Allah ya ba jama'arsa ƙasa, ya kafa musu doka a Littafin Firistoci sura 25. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonarsa, ɗan'uwansa na kusa yana da ikon fansarta, in kuma ba a fansa ba, a shekara ta hamsin ta koma hannun masu ita. Nufin Allah shi ne kowane gida ya riƙe abin da zai tsaya a kai, kada dukiya ta taru hannun mutum biyu uku sauran su zama 'yan ƙodago har jikokinsu.

BIRNIN YANA DA WANI DARASI

Kafin in bar birni ran nan na bi ta marinar Ƙofar Mata. Kowane rami a wurin yana da mai shi, gado ne daga kaka zuwa jika. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda saƙa da rini suke cikin gidajen mutane, iyali suna cin abinci da sana'arsu, ba kamar manyan masana'antun Turai ba. Ba na cewa zamanin nan ba shi da aibi, gama akwai bayi masu noma a rinjin manya ba su da ko taƙi ɗaya. Amma masaƙi da masaƙarsa, marini da raminsa, su suka sa tufar Kano ta kai har ƙetaren Hamada.

Har yau akwai abin koyi wurin maƙwabtanmu Musulmi na cikin birni. Ɗan kasuwa yakan riƙe yaro shekaru, in ya ga ya ƙware ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Mace tana cikin gida tana soya gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli da tunkuza, ta zuba adashi, kuma abin da ta samu nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Mu nawa ne cikin masu bi muke barin matanmu su riƙe abin da suka sha wahalarsa?

Adashi abu ne mai kyau, amma yana da iyaka. Kowa ya kwashi nasa ya kashe, zagaye ya ƙare, ba abin da ya rage a tsakiya. Abin da nake roƙonku shi ne mu ƙara taki ɗaya gaba, daga adashi zuwa jari, watau mu tara abin da ba za a raba ba, zai zauna yana yi mana aiki.

YADDA ZA A FARA

Ga misali. Ƙungiya tana da mutum 40. Da kaka kowa ya kawo buhu ɗaya a matsayin hannun jarinsa, wanda ba shi da ƙarfin buhu ya kawo rabi ko tiya goma, a rubuta masa daidai abin da ya kawo. Shekarar farko a sayi sikeli mai kyau, a kama hayar ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti. Sikelin nan kaɗai zai biya kuɗinsa, gama kun san abin da ake yi mana da cika mudu har ya yi toliya a tare da hannu, da buhun da ake dannawa har ya kusa fashewa amma a biya kuɗin buhu ɗaya.

Shekara ta biyu a fara ajiya. Ɗan ƙungiya ya kawo kayansa, a auna, a ba shi rasit. In yana bukatar kuɗi, ƙungiya ta ranta masa wani kashi na darajar kayan, a jira kasuwa ta gyaru a sayar, a cire bashi da kuɗin ajiya, saura nasa. Wake kuwa a zuba shi cikin buhun nan mai ciki uku wanda iska ba ta shiga, ba sai an sa masa magani ba. Wannan ba mafarki ba ne. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin manoma, har da na jihar Maraɗi, suna yin haka tun wajen 1999. Sukan sa wa sito kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin masu ba da rance, ba mai buɗewa shi kaɗai.

In sito ya tsaya da ƙafarsa, sai a yi tunanin inji, na ɓarar gyaɗa ko na matse mai ko na casar shinkafa, gwargwadon abin da ake nomawa a wurinku. A kuma keɓe wani kashi na ribar kowace shekara ya zama asusun fansar gona, domin ɗan ƙungiyar da gonarsa ke hannun jingina a fanso masa, ya biya a hankali. Game da gona kuwa, ku tuna dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna amana, kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardar izinin riƙe gona a karkara. Magatakarda ya taimaki kowa ya nemi tasa, ya fara da gwauraye mata da marayu, gama su ake fara ƙwace wa.

Kada ƙanƙantar farawa ta karya muku zuciya. A garin Rochdale na Ingila, a 1844, mutum 28, wasunsu masaƙa, suka tara wajen fam ɗai-ɗai suka buɗe ɗan kanti, daga gare su ne ƙa'idodin gama kai suka bazu duniya. A garin Anand na Indiya masu shanu suka haɗa kai a 1946 domin su daina sayar da madara yadda mai saye ya ga dama, yau masu madara fiye da miliyan 3 ke da kamfanin da ake kira Amul. Sannu ba ta hana zuwa.

MASU CEWA BA ZA TA YIWU BA

Na san abin da wasu dattawa za su ce: "Malam, an sha yi, an sha cinye kuɗin." Gaskiyarku, iyayena. Ni ma na ƙone a nan. Farkon aikina na taimaka aka kafa wata ƙungiya, muka zaɓi ma'aji saboda ba ya fashin sujada, muka ji kunyar tambayarsa lissafi har shekara biyu. Ranar da aka buɗe littafi, ba kuɗi, ba rubutu. Ƙungiya ta watse, har gida biyu suka daina gaisawa a bakin majami'a. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, har da mu da muka bar ɗan'uwanmu shi da jaraba a ɗaki ɗaya. Kunya ta kashe ƙungiyoyi fiye da fari. Maganin ɓarna kuwa ƙa'ida ce, ba a fasa noma don tsuntsaye.

Wasu za su ce, "Wannan ai ɓoye hatsi ne." Littafin Karin Magana ya tsawata wa mai ɓoye hatsi lokacin da jama'a ke yunwa, kamar yadda ya tsawata wa mai ma'aunin zamba. Amma mai tara dubban buhuna yana jiran mutane su galabaita dabam yake da manomin da ya ƙi zubar da guminsa a watan da kasuwa ta cika. Duk da haka mu sa wa kanmu iyaka: kafin damina ta yi tsakiya a buɗe sito, a fara sayar wa mutanen ƙauyen, Kirista da Musulmi, da farashi mai sauƙi.

Akwai kuma haɗari na gaske, ba zan ɓoye muku ba. Ba kullum farashi ke tashi bayan kaka ba. A 2025 kuɗin masara da shinkafa ya sauka ƙwarai, mutane da yawa da suka tara da tsada suka yi hasara. Saboda haka kada ƙungiya ta ci bashi mai ruwa don ta sayi hatsi ta tara, kada ta zuba dukan jarinta kan abu ɗaya, kada kuma ta ranta wa mutum cikakken kuɗin kayansa. Ku kuma guji masu zuwa da waya suna alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. Ku tuna kukan da aka yi kan MMM a ƙarshen 2016. Jarin da ba ka iya zuwa ka taɓa shi da hannu, ka bar shi.

Masu cewa mu jira gwamnati ta kawo, ina tambayarsu: an yi shirin noma a 1976, an yi a 1980, an yi a 2015, wanne ne ya bar muku sito da sunanku? In tallafi ya zo mu karɓa da godiya, amma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci da yunwa zai kwana. Masu tsoron cewa neman dukiya zai raba mu da Allah kuwa, ina cewa son kuɗi shi ne zunubi. Uban da ya bar wa 'ya'yansa gona ba jingina a kanta bai yi zunubi ba, riƙon amana ya yi.

ƘA'IDODI BAKWAI

1. Mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, ko buhu goma ya zuba ko tiya goma.

2. A sa iyakar hannun jarin da mutum ɗaya zai riƙe, kada mai ƙarfi ya haɗiye ƙungiya.

3. Mace ta shiga da sunanta, rabonta nata ne, in ta rasu na magadanta ne.

4. A yi wa ƙungiya rajista a ofishin gama kai na jiha. Sito da inji su kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko fasto ba, kuma kada a gama kuɗinta da baikon ekklesiya.

5. Mutum uku su sa hannu kafin kuɗi ya fita daga banki, ɗaya daga cikinsu mace.

6. Kowane wata a karanta lissafi da ƙarfi da Hausa a gaban kowa, a kuma sake shugabanni bayan shekara biyu ko uku.

7. A raba riba gwargwadon kayan da mutum ya kawo da hannun jarinsa. A yi aiki da kuɗin ajiya da rabon riba maimakon kuɗin ruwa, domin maƙwabcinmu Musulmi ya iya shiga da zuciya ɗaya. Sikelin zamba ba ya tambayar addinin mai kaya, namu na gaskiya ma kada ya tambaya.

'Yan'uwa, ga aikin da nake ba ku. A taronku na gaba, bayan addu'ar buɗewa, magatakarda ya tashi ya faɗi abin da ƙungiya ta mallaka bayan dukan shekarun da ta yi, da sunan wanda ke kan takardar. In amsar ita ce benci biyu da littafin suna, kada ku ji kunya, kada kuma ku tashi sai kun sa ranar da za a kawo buhun farko. Duk ƙungiyar da ke son taimako wajen tsara littafin lissafi ko rajista, ta aiko da saƙo ta hannun fastonta, zan zo da yardar Allah.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba mu gaskiya da riƙon amana a tsakaninmu. Amin.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona